Idan Mota Ta Ƙi Tashi Bayan Karo

Titunan GRA a Bauchi ba su da cunkoso irin na Wunti, shi ya sa direba ke sakin jiki ya taka mai, sai a mahaɗa a yi karo. Mota ta mutu, an murza makulli shiru.

Kada ka yi ta murzawa. Fara sauka ka leƙa ƙasa. In ka ji warin fetur, ko baƙin mai na zuba, ko lagireto ya fashe, zare makulli ka nemi janwe. Tayar da inji babu baƙin mai asara ce da ta fi ta karon.

In ƙasa a bushe take, duba fitilun gaban direba. Ba su kama ba? Galibi kan batir ne ya girgiza ya saki, ko babban fis ya ƙone. Wasu BMW da Mercedes kuwa da gangan suke tsinke wayar batir idan jakar iska ta fashe, wannan sai an sake sabo.

In sitata na juyawa amma inji bai kama ba, zargi famfon mai. Peugeot 406 da tsofaffin Ford suna da maɓallin da ke yanke fetur idan an bugu. A Ford ana samunsa gefen ƙafar fasinja ko cikin but, dannawa kawai ake yi. Toyota da yawa kuwa, kashe makulli gaba ɗaya ka sake kunnawa. Mai giya otomatik, in sitata ba ta juya ba sam, ya gwada a N.

Kada ka bari rewaya ya haɗa waya kai tsaye don kawai ku bar wurin, gobara ke nan. In akwai wanda ya ji rauni, kira jami'an kiyaye haɗurra a 122 kafin ka buɗe bonet.