Yadda Ake Kiwon Kajin Gida Su Yi Albarka

Wanda zai fara kiwon kaji a tsakar gida ba sai ya tara kuɗi ba. Sagara uku ko huɗu da zakara ɗaya sun isa, ai zakara guda kan riƙe kaji goma. Abin dubawa shi ne inda aka samo su. Gwamma a saya a hannun maƙwabciyar da aka san kajinta lafiyayyu ne da a ɗauko a kasuwa, inda kajin ƙauyuka barkatai suka wuni a keji ɗaya. In kuwa dole sai ta kasuwar, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Akurki ba sai na alfarma ba. Na laka ma ya wadatar, muddin ƙasansa a bushe yake, iska na shiga, kuma akwai ƙofar da za a toshe da dare saboda muzuru da gafiya da maciji. A riƙa share shi, a barbaɗa toka, kashin kuma a kai shi gona. A bar musu tudun toka da yashi a wani lungu su yi birgima, don da shi suke kakkaɓe ƙwarƙwata da ƙuma.

Aikin kullum ba shi da yawa. Da safe a buɗe su, a watsa musu dusa ko ɗan hatsi, a wanke kasko a zuba sabon ruwa. Ruwan nan shi mutane suka fi rainawa, sai a bar kaza tana shan na kwata, alhali mai ƙwai in ta rasa ruwa mai kyau a cikin zafin bazara ƙwan ne ke fara ɗaukewa. Da la'asar a sake watsa musu kaɗan a bakin akurki. Wannan ɗan hatsin yamma shi ke koya musu hanyar gida, a lokacin ne kuma ake ƙirga su, a ga wadda ta takure ko ta saki fiffike.

A gidajenmu wannan sana'a ta mata ce da yara, kuma ba su ɗauke ta wasa ba. Kazar nan ita ce asusun uwargida: kuɗin littafin yaro, miyar baƙon da ya sauka ba zato, gudummawar suna, duk daga akurki suke fitowa. Na taso na ga tsofaffin da za su gaya maka uwar kowace kaza a gidan da kakarta.

Idan kaza ta fara kwanci, a bar mata ƙwai takwas zuwa goma sha biyu, gwargwadon abin da jikinta zai rufe. A yi musu alama da gawayi, don 'yan'uwanta kan zo su ƙara mata sabbi. Kwana 21 take yi ta ƙyanƙyashe. Masu dabara kan sa mata ƙwan zabi, sai dai shi yakan kai kwana 26 zuwa 28.

To, a kan 'yan tsaki ne ake gane gwani. Kaza za ta fito da goma ras, kafin wata ya zagayo saura uku, sai a ce ƙaddara. Mafi yawa kuwa sakaci ne. Uwa ba ta san gajiyar ɗa ba; da gari ya waye za ta ja su cikin raɓa, ta kai su juji, ga shirwa na shawagi a sama. Maganin abin shi ne a tsare ta da 'ya'yanta wata guda ko fiye, a ƙarƙashin babban kwando ko a wani killataccen wuri mai inuwa. Kwandon a riƙa gusar da shi zuwa busasshen wuri kullum, a kuma danne shi da dutse. Ruwansu a faranti marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki, domin tsako in ya faɗa ruwa ya jiƙe, sanyi kaɗai ya isa ya kashe shi. Abincinsu ɓarzajjen gero ko masara, ba tsabar da za ta shaƙe su ba. Ka tsuguna ka saurare su: in suna 'yar ƙaramar murya suna tone-tone, lafiya lau, in kukan ya yi tsawo kuma sun cure wuri ɗaya, sanyi ne ko yunwa.

Hatsi kaɗai ba ya gina tsako, shi ya sa iyayenmu ke kama musu gara. A sami tsohuwar tukunya, a cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara da totuwar masara, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri da yamma. Da sassafe kafin rana ta yi zafi a ɗaga, za a tarar ta cika. A zazzage musu a gabansu, ka ga wawaso. Tsakon da ya sami gara ba ya ɓoyuwa, gashinsa ma da wuri yake fitowa.

Saura babbar masifa, annobar da ke zuwa da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle. Kaza ta takure, ta yi koren zawo, wuya ya murɗe, cikin 'yan kwanaki unguwa ta zama ba carar zakara. Jiƙon barkono da sassaƙen maɗaci da ake ba su ba sa warkar da ita, haka ma kafso. Rigakafi ne kaɗai ke tare ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa shi, har da irin wanda ake ɗiga wa kaza a ido, ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefar a juji. In kuma mutuwar ta zo da yawa farat ɗaya, a sanar da ma'aikatan dabbobi, don murar tsuntsaye ma, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2006, haka take farawa.

Kwalbar rigakafin ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta ba a ajiye ta. Don haka ku yi magana da maƙwabta, ku haɗa kuɗi ku kira malamin dabbobi tun a watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta kaɗa.