DARASI: WAƘAR MAKOKI DA TA HAIFI DOKA

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:9-44

'Yan'uwa manoma, mu mutanen tudu ne, amma darasinmu na wannan wata daga teku ya fito.

A watan Afrilu na 1912 wani babban jirgin ruwa mai suna Taitanik ya tashi daga Ingila za shi Amurka da mutum fiye da 2,200. Masu shi suna gani babu abin da zai nutsar da shi. Da dare ya yi karo da dutsen ƙanƙara, kafin gari ya waye ran 15 ga wata ya nutse. Mutum fiye da 1,500 suka hallaka.

Akwai makaɗa takwas a ciki, shugabansu Wallace Hartley. Suka yi ta kiɗa domin su kwantar da hankalin jama'a, ba ko ɗayansu da ya tsira. Waɗansu da suka kuɓuta sun ce abin da suka ji a ƙarshe waƙar sujada ce ta neman kusantar Allah, wadda Sarah Flower Adams ta rubuta a 1841. Tun daga nan, in an rera ta a ikilisiyoyi da yawa, sai a tuna da waɗannan matattu.

Me ya jawo hasarar?

1. An aiko wa jirgin gargaɗi cewa akwai ƙanƙara a gaba, bai rage gudu ba.
2. Kwale-kwalen ceto 20 kaɗai ke ciki, na mutum 1,178.
3. Akwai wani jirgi kusa, amma mai kula da wayar iskarsa ya riga ya yi barci.

Mutane ba su tsaya ga kuka da waƙa ba. A Janairu 1914 ƙasashe suka sa hannu a London kan yarjejeniyar kiyaye rai a teku. Aka ce kowane fasinja ya sami wuri a kwale-kwalen ceto, a riƙa sauraron wayar iska dare da rana, a kuma sa masu gadin ƙanƙara. An sha sabunta yarjejeniyar, har yau da ita ake aiki.

Kada mu ce wannan labarin Turawa ne. Ran 30 ga Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai, Jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka mutu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Lodi ne ya yi yawa. Mu ma a Maƙarfi, Kudan da Ikara mun san motar da aka cika da rake ko kwandunan tumatir, sa'an nan mutane su hau bisa kaya. Mun san mai ƙetare rafi a watan Agusta don kada kasuwa ta wuce shi.

Bulus ya gargaɗi mutanen jirginsa, amma jarumin ya fi jin maganar mai jirgi. Allah ya ceci dukansu 276, jirgi da kaya kuwa suka salwanta. Dogara ga Allah ba ta hana jin gargaɗi.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Wane hatsari ne muke tunawa a garinmu? Me muka sāke bayansa?
2. Buhu nawa da mutum nawa ƙungiyarmu ta yarda a ɗora wa motar da ta yi haya?
3. Wa ke da ikon cewa "a sauke", kuma za mu ji maganarsa?

Magatakarda ya rubuta abin da aka shirya a littafin ƙungiya, a karanta shi a taro na gaba. A rufe da waƙa da addu'a domin matafiya.