Filin Shawara: Inda Tsoho Zai Zauna Ya Yi Wanka

Zuwa ga Malam mai Filin Shawara,

Ina roƙon ka haska mini wani al'amari da ya tsaya mini a rai.

Mahaifina, wanda shekarunsa sun haura 80, ya daɗe yana fama da ciwon gwiwa, har ta kai tsugunno ya gagare shi, tsayuwa kuma in ta yi tsawo sai ƙafa ta ɗauki rawa. Da Allah ya hore mini ɗan abin hannu, sai na ƙudura gyara masa makewayinsa. An fasa tsohon daɓe, an ja famfo, saura a sa shawa da tayil. To, a nan shawara ta rabu uku. Birkila ya ce a gina ɗan dakali a kusurwa. Mai aikin famfo ya ce akwai kujerar ƙarfe mai naɗewa da ake kafawa a bango, ya gan ta a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ƙanena kuwa ya ce duk ɓarnar kuɗi ce, a sa farar kujerar roba irin ta biki. Shi Baba cewa ya yi a bar masa 'yar kujerarsa ta tsugunno, alhali sai an kama shi yake tashi daga kanta, kuma yana shakkar ko wankan farilla yana inganta a zaune bisa dakali. Na tsai da aiki, ma'aikata suna jirana.

Naka,
Wani mai karatu, Kano.

AMSA

Ya ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan birrul walidaini, ya kuma ƙara wa Baba lafiya. Ka yi dabara da ka tsai da aikin tun tayil bai hau bango ba, domin kuwa wurin zama a ɗakin wanka abu ne da ake yanke hukuncinsa tun bulo yana tsirara, kuma duk wanda ya bari sai an gama ado sa'an nan ya tuna da shi, to, ko dai ya fasa abin da ya biya kuɗi aka gina, ko ya haƙura da aiki mai rauni.

Bari mu fara da shakkar Baba, tun da shi ne mai wurin. Farillan wanka a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ɗalibi yake karantawa tun daga Ishmawi, biyar ne: niyya, da game jiki da ruwa, da cuɗanya, da gaggautawa, da tsettsefe gashi; babu tsayuwa a cikinsu, babu tsugunno. Abin da kawai ya wajaba mai wanka a zaune ya kula da shi shi ne inda jikinsa ya danne dakali, sai ya karkata gefe ɗaya, ya kai ruwa da hannu ƙarƙashin cinya, sa'an nan ya karkata ɗaya gefen. In kuwa hannu bai kai gadon baya ba, Muhtasar na Shaihu Halilu ya yi sauƙi a cuɗa da ƙyalle, dogon soson nan na raga kuma ya wadatar. Ka gaya masa wannan da ladabi, ko ka roƙi limamin unguwarku ya gaya masa, don dattijo ya fi karɓar fatawa daga tsaransa.

Shawarar ƙanenka a ajiye ta. Farar kujerar nan ƙafafunta suna buɗewa a kan jiƙaƙƙen tayil, robarta kuma idan ta tsufa karyewa take yi farat ɗaya ba sallama. Kujerar tsugunno ma kai da kanka ka faɗi aibinta.

Saura biyu, kuma ni a ganina, muddin ɗakin yana da fili, dakali ya fi, saboda nauyin mai zama yana sauka a ƙasa, ba ya rataye a jikin ƙusa. Amma ban yarda da na kusurwa mai baki uku da birkila ya ambata ba, wanda ya dace da ajiye sabulu ko ɗora ƙafa, bai isa tsoho ya zauna ya juya ba. A gina shi miƙe a jikin bango, tsawonsa ya kai ƙafa 2 ko fiye, daga bango zuwa bakinsa kuma inci 15 zuwa 16. Game da tudunsa, ƙa'idar gini da Amurka ta shimfiɗa a ƙarƙashin dokarta ta naƙasassu ta 1990 ta ce inci 17 zuwa 19 daga daɓe, kuma mazaunin ya iya ɗaukar nauyin da ya kai kilo 113; sai dai wannan awo na jama'a ne, kai kuwa mutum ɗaya kake gina wa, saboda haka ma'auninka na gaskiya shi ne ƙafar Baba, daga diddige zuwa bayan gwiwa, ba takalmi. Idan dakali ya yi ƙasa, tashi ya zama azaba. Idan ya yi sama, ƙafa ta yi lilo, mai sabulu a jiki kuwa da zarar tafin ƙafarsa ya bar ƙasa ya kama hanyar zamewa. Ka tunatar da birkila cewa daga saman tayil ake awo, don sau da yawa sukan manta kaurin siminti da tayil ɗin da zai hau daɓe, a gama aiki a tarar inci biyu sun ɓace.

Sa'an nan ga sharuɗɗan ginin, waɗanda nake so ka tsaya a kansu da kanka, ko da birkila zai ce ka cika sa ido. A cike ramukan bulon da kankare. A shafe dakalin duka, da inda ya haɗu da bango da daɓe, da maganin hana ruwa ratsawa kafin a manna tayil, domin layin da ke tsakanin tayil da tayil ba ya tsare ruwa har abada, kuma ruwan da ya shiga ciki ba ya tsayawa sai ya ɓulla a bangon ɗakin da ke maƙwabtaka, fenti ya kumbura, gansakuka ta yi gida. A karkatar da samansa kaɗan zuwa wajen makwarara, gwargwadon rubu'in inci a kowace ƙafa, yadda ruwa ba zai kwanta ba, mai zama kuma ba zai ji yana gangarawa ba. In hali ya yi, a rufe saman da falalen dutse guda ɗaya mai ɗan kaushi, a dasashe bakinsa kada ya yanki fata, a kuma bar shi ya ɗan zarce gaba, saboda mutum idan zai miƙe yakan ja diddigensa baya, in bai sami wurin ja ba sai ya dogara da ƙarfin gwiwa, abin da Baba ba shi da shi. Marmara mai sheƙi kyakkyawa ce ga ido, amma da sabulu ya taɓa ta sai ta koma kamar ɓawon ayaba. Aibin dakali ɗaya ne da na sani, sanyi a lokacin hunturu, maganinsa kuwa a kwarara masa ruwan ɗumi kafin a zauna.

Idan ɗakin ƙarami ne, har dakali zai hana mai taimako tsayawa, to sai a koma ga shawarar mai aikin famfo, amma a nemi wadda aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa, mai ƙafafu biyu da suke sauka ƙasa idan an buɗe ta. Hatsarinta yana cikin bango. Bulon da muke gini da shi, mai inci 6 ko 9, cikinsa rami ne, siminti kuma sau da yawa an yi masa rowa. Ƙusar da aka ɗaura a cikin 'yar roba za ta riƙe madubi shekara da shekaru, amma ba za ta jure wa mutum yana faɗa mata da nauyinsa kullum safiya ba. Sai a buɗe bulon wurin a cika shi da kankare tun yanzu, ko a huda bangon gaba ɗaya a ɗaure noti da faifan ƙarfe ta baya. Kafin a yi filasta kuma ka ɗauki hoton bangon da wayarka, ka san inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi, kada ranar huda a ci karo da su.

Ko wanne ka zaɓa, wurin zama ba ya cika sai da mariƙin ƙarfe a bango, a tudun inci 33 zuwa 36, kafaffe da irin ƙarfin da aka kafa kujerar, don in babu shi tsoho zai kama kan famfo ko maratayin tawul, waɗanda ba a yi su domin haka ba. A sa shawa mai tiyo ta hannu, a saukar da makunnin ruwa inda hannunsa zai kai yana zaune, a zaɓi tayil ɗin ƙasa mai kaushi, a kuma nisanta mazaunin daga masai yadda ruwa zai gudu daga wajensa zuwa can, domin hankalinsa ya kwanta game da najasa. Ƙofa ma, tun da ana cikin gyara, a mai da ita mai buɗewa waje, saboda in Allah ya ƙaddara faɗuwa, kada jikinsa ya tokare ta.

Gobe da safe, kafin a kwaɓa siminti, ka sa a jera bulo a wurin, a ɗora katako a kai, ka kawo Baba ya zauna ya tashi sau biyu ko uku kana riƙe da shi, a ƙara ko a rage har ya ce ya yi masa daidai, inda hannunsa ya nufa a bango kuma a yi alama da alli, nan ne mazaunin mariƙi.