Idan Yaro Ya Yi Tambaya, Kada a Ce Ya Cika Surutu

Iyaye da malamai, idan yaro ya tambaye ku, "In aka canza mini suna, har yanzu ni ne?" kada ku kore shi. Tambaya ce ta falsafa, wadda manyan masana suka daɗe suna muhawara a kanta.

Matthew Lipman, malamin falsafa a Jami'ar Kolumbiya da ke Amurka, ya lura ɗalibansa ba su iya kafa hujja ba. Sai ya koma kan yara, ya rubuta musu labari, kuma a 1974 shi da Ann Margaret Sharp suka kafa cibiyar koya wa yara falsafa a Montclair. Tsarin ba wuya: a zauna a kewaye, a karanta labari, yaran su kawo tambayoyinsu, su zaɓi guda su tattauna.

Mu kuwa ga tatsuniya a hannu. Bayan an ce ƙurunƙus, ku tambaya: abin da Gizo ya yi wa Ƙoƙi, wayo ne ko zalunci? Ina bambancinsu? In babbar yarinya ta ce wayo ne, ku ce, "Saboda me?" sannan ku juya ga ƙanenta: "Ka yarda?" A ganina nan ne amfanin yake, domin yaro zai gano cewa kalma ɗaya kowa da yadda ya fahimce ta, kuma dole ya fayyace nufinsa kafin a saurari hujjarsa.

Abin da ya fi wuya ga babba shi ne kame bakinsa. Kada ku yi saurin yanke hukunci, kada kuma ku bari a yi wa mai jinkirin magana dariya. Minti 20 bayan sallar isha'i ya wadatar.