Yadda Ake Sayen Motar Gudu Ta Hannu Ba Tare Da Ta Cinye Aljihu Ba

Matashin unguwar Kwarbai ta Zariya da ransa ya biya da Mustang, Camaro ko BMW Z4 tokunbo, ya sani cewa kuɗin da zai miƙa wa dillali somin taɓi ne. Ga matakan da ya kamata ya bi.

Da farko, a auna motar da hanyar gida. Irin waɗannan motoci cikinsu a ƙasa yake, lungunan cikin birni kuwa ga ƙunci ga kwatami. Idan ƙasanta na gogar tudun rage gudu tsakanin Ƙofar Doka da Fada, to bamba da salansa da kaskon baƙin mai za su riƙa cin kuɗi.

Na biyu, takardu. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka a nemi takardar kwastam ta gaskiya. A gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ta jikin takarda, a kuma bincika ta a intanet, domin wasu motocin Amurka haɗari ko ambaliya ce ta sa aka rabu da su.

Na uku, ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, da sassafe kafin a ɗumama inji. Ya buɗe murfin baƙin mai: idan ya ga fari kamar madara, ruwa ya shiga, wataƙila gasket ya ƙone. Shuɗin hayaƙi alama ce ta injin da ke shan mai. Ya sa na'urar kwamfuta, ya kuma leƙa salansa ko an cire abin da makanikai ke kira indomi, don ana sace shi, kuma yana da tsada.

Na huɗu, a hau titin Kaduna da ita. Idan giya na fizga ko jinkirin shiga, a bar motar, domin gyaran giyar na iya kai kuɗin wata ƙaramar mota.

Na biyar, lissafi. Tayoyinta masu faɗi ne, ba a kowane shago ake samunsu ba. Lambobi huɗu na gefen taya suna nuna mako da shekarar ƙera ta. A ƙara birki, shokozoba, fulogi, batir da baƙin mai na musamman. Kayan Toyota suna nan a Sabon Gari, amma na waɗannan sai Fanteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas. Ga fetur: tun cire tallafi a Mayun 2023, inji mai silinda 6 ko 8 ba abokin mai ƙaramin albashi ba ne.

A ƙarshe, ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin motar don gyaran shekarar farko. Idan babu wannan rarar, ka nemi ragi ko ka haƙura.