Kafin Ka Ɗauki Kyamara, Ɗana

Ɗana, na ji kana shirin barin Gaya ka shiga Kano harkar fim, kuma ba na rawa da waƙa kake so ba, halin talaka kake son nunawa. Allah ya yi maka albarka, niyyarka mai kyau ce, amma zauna ka ji abin da ya sami waɗanda suka riga ka, domin ba na so ka je da ƙuruciya kaɗai a aljihu.

Ka san Hamisu Lamiɗo Iyantama, wanda har takarar gwamnan Kano ya yi a 2007. Shi ya shirya Tsintsiya, fim ɗin da ya taɓo rikicin ƙabilanci ta hanyar soyayya tsakanin Hausa da Ibo, aka yaba masa a wajen Kano. A ƙarshen 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi, bisa zargin bai yi rajista da Hukumar Tace Finafinai ba, shi kuwa ya ce takardunsa na hannunsa, amma sai da ya kwana kusan wata uku a gidan yari. A shekarar ce ma aka ɗaure maƙwabcinmu na Ɗanlasan, marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa. Saboda haka ka yi rajistarka, ka adana kowace rasit, domin mai neman ka da laifi ba ta kan maganarka yake farawa ba, ta kan takarda yake bi.

Akwai kuma wani mutumin Italiya, Gillo Pontecorvo, wanda a 1966 ya yi fim kan yaƙin neman ƴancin Aljeriya, da mutanen gari waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Ya nuna azabar da sojan Faransa suka gana wa mutane, bai kuma ɓoye bama-baman da ƴan gwagwarmaya suka dasa a wuraren shan shayi ba, ko da yake zuciyarsa na tare da su. Fim ɗin ya ci babbar kyautar birnin Venis, Faransa kuwa ta shekara biyar ba a nuna shi a cikinta ba. Mutumin nan ya rasu a 2006, manyan finafinansa biyar ne kacal, domin ba ya taɓa labarin da bai ratsa shi ba. Wannan haƙurin nake yi maka sha'awa.

Abin da na fi ji maka tsoro ma ba kurkuku ba ne, kakar zaɓe ce, ranar da wani mai babbar riga zai kira ka da kuɗin aiki a hannu, ya ce ka yi fim ka ci mutuncin abokin hamayyarsa. Idan ka karɓa, ɗana, ka zama maroƙinsa, kuma talakawan da suka buɗe maka baki suka gaya maka damuwarsu ba za su sake ba.

Ka fara zama da manomanmu ka saurare su tukuna, sannan ka nemi albarkar mahaifiyarka kafin ka hau mota.