DARASI NA BAKWAI: Daga Gatari Zuwa Inji: Sana'ar Yankan Katako da Kalmominta

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa, da tsohuwar zuma ake magani. Ba za a fahimci sana'ar katako ta yau ba sai an waiwayi asalinta. Wannan darasi zai duba yadda inji ya shiga daji, da tsarin ma'aikatan farko, da kuma kalmomin da harshen Hausa ya samu ta wannan hanya.

2.0 Kafin Zuwan Inji

A ƙasar Yako da maƙwabtanta na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, masassaƙi shi ne ma'abocin itace. Kayan aikinsa gatari da gizago ne. Yakan zaɓi ƙirya domin turmi, maɗaci ko kawo domin sauran kayan gida, sa'annan magina su tsaga giginya domin azara. Bishiya guda takan ci masa kwanaki, saboda haka daji yakan sami sararin farfaɗowa.

3.0 Zuwan Inji

A Jamus, Andreas Stihl ya ƙera zarto mai lantarki a 1926, sa'annan mai fetur a 1929. Zartunan farko suna da nauyi ƙwarai, sai mutum biyu ke iya riƙe su. Na mutum ɗaya bai yaɗu ba sai a shekarun 1950. A Amurka kuwa, an kafa kamfanin Caterpillar a 1925, wanda taraktocinsa masu tafiya kan sarƙa suka maye gurbin shanu da dawaki wajen jan gungume.

A Nijeriya, wannan sauyi ya fi ƙarfi a kurmin Benin. Da farko ƙarti ne ke jan gungume da igiya, bisa sandunan da aka jera a ƙasa, har bakin kogi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tarakta da manyan motoci suka karɓi aikin, kuma kamfanin African Timber and Plywood ya bunƙasa babbar masana'antarsa a Sapele, inda ake turo gumagumai ta ruwa.

4.0 Sansani da Ma'aikatansa

Akan kafa sansani kusa da wurin sara, a tashe shi idan itace ya ƙare. Aiki kashi-kashi ne:

(a) masu ratsa daji suna sa wa manyan itatuwa alama;
(b) masu sara da masu datsa gungume;
(c) direban tarakta da makanikinsa;
(d) akawu mai auna gungume da rubuta lada;
(e) helima mai kula da leburori.

5.0 Dajin Falgore

Dajin kudancin Kano ba kurmi ba ne. Doka da maje da maɗaci ne warwatse cikin ciyawa, don haka manyan kamfanoni ba su yi masa ca kamar na kudu ba. Turawa sun keɓe dajin Kogin Kano a shekarun 1940, aka mai da shi gandun namun daji na Falgore a shekarun 1960. Sai dai ƙaramin zarton inji, wanda mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa, yakan kayar cikin mintuna da abin da gatari ke wuni a kansa. Ta wannan daji Kogin Kano ke ratsawa zuwa madatsar Tiga. Idan itatuwa suka ƙare, zaizaya za ta kwashi ƙasa ta cike madatsar, manoman rani su ji a jikinsu.

6.0 Tasiri a Kan Harshe

Sabon kayan aiki da sunansa yake zuwa. Hausa ta aro kalmomi ta daidaita su da tsarin gaɓarta, wadda ba ta fara kalma da baƙi biyu. Shi ya sa aka cusa wasali aka sami "tarakta" da "tirela" da "direba". "Katafila" kuwa sunan kamfani ne da ya zama sunan kowace mota irinta. Wani lokaci kuma ƙirƙira ake yi, kamar "gandun daji" da "malamin daji".

7.0 Kammalawa

Inji ya rage wahala, ya ƙara sauri, amma bai ƙara wa bishiya saurin girma ba. Kula da wannan rata shi ne aikin da ke gaban al'umma.

Auna Fahimta

1. Kwatanta aikin masassaƙi da na mai zarton inji.
2. Bayyana dalilin cusa wasali a "tirela".
3. Tattaro kalmomi goma daga bakin masu sayar da katako a garinku, ka rarrabe na aro da na asali.